Darasi na Bakwai: Walnot, Amfaninsa ga Jiki da Hanyoyin Cin Sa

Manufofin darasi

Idan muka kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. gane walnot, ya kuma bambanta shi da wanda ake dafawa a kudancin Najeriya;
2. bayyana yadda man da ke cikinsa yake taimaka wa zuciya;
3. auna abin da ya ishi mutum ɗaya a rana, ya yi lissafin sayayya;
4. rarrabe amfanin da bincike ya nuna da wanda ake faɗa a baki kawai;
5. adana shi, ya san wanda bai kamata a ba shi ba.

1. Mene ne walnot?

Wanda ya taɓa shiga shagunan dabino a Makka ko Madina ya gan shi, ko da bai san sunansa ba. Yana nan a tire kusa da zabibi, wani lokaci ma an tsaga dabino an cusa shi a ciki. Yanzu ana samun sa a manyan kantunan Kano, Kaduna, Abuja da Yamai. Da yake ba a noma shi a ƙasar Hausa, da sunan da ya zo da shi ake sayar da shi. Larabawa suna ce masa jauz, Misirawa kuma ainul jamal, wato idon raƙumi.

Idan yana cikin kwasfarsa, girmansa ya kusa ƙwan zabuwa. Kwasfar tana da tauri da ƙurji-ƙurji, launinta kamar busasshen kara. Idan aka fasa, sai a tarar da ƙwaya mai ɓari biyu, ta nannaɗe ta yi lungu-lungu kamar ƙwaƙwalwar rago. Wata fata mai laushi ta lulluɓe ta. Ita wannan fatar ce ke kawo ɗan ɗaci da bauri a harshe.

Itacen babba ne. Asalinsa yankin Iran ne da tsakiyar Asiya, kuma har yau akwai dajinsa a Arslanbob cikin ƙasar Kirgizistan. Yana son watanni na sanyi mai tsanani, ya zubar da ganye ya huta kafin ya yi fure, kuma sanyin hunturunmu bai kai haka ba. Ƙasar Sin ce kan gaba wajen nomansa, ita ke fitar da kusan rabin na duniya. Ana noma shi da yawa a Amurka, Iran, Turkiyya da Chile. Na Amurka kusan dukkansa daga jihar Kalifoniya yake fitowa.

Akwai abin da ke rikita mutane a nan. Direbobi da fatake masu bin hanyar Ibadan, Ore ko Benin da damina sun san wasu baƙaƙen ƙwallaye da yara ke talla a leda, dafaffu. Yarbawa suna ce musu asala ko awusa, Igbo kuma ukpa, kuma da Turanci su ma walnot ake kiran su. Ba abu ɗaya ba ne. Na kudu tsiro ne mai yaɗo da ke hawa bishiyoyi, dangin rogo da zurma. Sai an dafa shi ake ci, ba ya daɗewa bayan dafuwa, kuma duk wanda ya ci ya sha ruwa nan take zai ji baki ya yi ɗaci. Abinci ne mai kyau shi ma, yana da mai irin wanda za mu yi bayani a gaba. Amma alƙaluma da binciken da ke cikin wannan darasi duk a kan na waje aka yi su.

> AKWATIN KALMOMI (1)
> Kwasfa: ɓawo mai tauri da ake fasawa kafin a kai ga abin ci.
> Ɓari: rabin ƙwayar walnot. Kowace ƙwaya tana da ɓari biyu.
> Kalori: ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. Wanda jiki bai ƙona ba, sai ya ajiye shi a matsayin kitse.

2. Abin da ke cikin tafin hannu ɗaya

Ma'aunin da za mu riƙe shi ne giram 28. Wannan ɓari 14 ne, wato ƙwaya 7 cikakku, daidai cikin tafin hannun babban mutum ba tare da tozo ba. A cikinsa akwai kalori kusan 185, mai giram 18, furotin giram 4, da faiba giram 2. Akwai kuma sinadaran magnesiyam, tagulla da manganis, waɗanda jiki ke buƙata kaɗan-kaɗan.

Ku sake duba alƙaluman. A cikin giram 28, giram 18 mai ne. Kusan kashi biyu cikin uku ke nan. Ku murza ɓari ɗaya a kan takarda, za ku ga ta yi tabo kamar wadda aka naɗe ƙosai da ita. Saboda haka duk labarin walnot labarin mai ne, kuma tambayar da ta dace ita ce: wane irin mai?

3. Mai iri biyu

Kowace mai girki ta san wannan bambanci, ko da ba ta taɓa shiga aji ba. Da safiyar hunturu, man shanu ya daskare a kwalba, kitsen da ke saman miyar jiya ya yi fari ya sandare, manja ya yi kauri sai an ɗora shi a wuta. Man gyaɗa da man riɗi kuwa suna nan suna zuba. Na farko shi ne mai daskarewa, na biyu shi ne maras daskarewa.

Yawan cin mai daskarewa yana ƙara wani abu a jini da ake kira kolestarol, musamman nau'insa da likitoci ke rubutawa LDL a takardar gwaji. Ku ɗauki jijiyar jini kamar bututun ruwa. Idan LDL ya yi yawa, sai ya riƙa maƙalewa a jikin bututun daga ciki, shekara da shekaru, ba zafi ba ciwo. Hanya ta yi ta ƙuntata. Ranar da ta toshe a jijiyar da ke shayar da zuciya, mutum ya kamu da bugun zuciya. Idan a ta ƙwaƙwalwa ce, sai shanyewar ɓarin jiki. Kusan babu unguwar da ba ta da dattijo guda da ke jan ƙafa saboda wannan, kuma sau da yawa hawan jini ko ciwon suga ne ya share wa cutar fage.

A cikin giram 18 na man walnot, mai daskarewa bai kai giram 2 ba. Sauran duk maras daskarewa ne. A ciki kuma akwai giram 2.5 na wani mai da ake kira omega-3, wanda jiki ba ya iya haɗawa da kansa, dole sai an ci shi a abinci. Abin da masana a Amurka suka ƙiyasta babban namiji yana buƙata a rana giram 1.6 ne, mace giram 1.1. Tafin hannu ɗaya ya biya wannan har da ragowa. A nan ne walnot ya yi wa gyaɗa, yazawa da almon fintinkau, domin su ba su da wannan mai sai ɗan abin da ba a rasa ba.

> AKWATIN KALMOMI (2)
> Kolestarol: wani abu mai kama da kakin zuma da ke yawo a jini. Jiki na buƙatar sa, amma yawansa illa ne.
> LDL: nau'in kolestarol da ke maƙalewa a jijiyoyi.
> Omega-3: mai maras daskarewa da ake samu a walnot, waken suya da kifi mai maiƙo.
> Faiba: ɓangaren abincin tsiro da ciki ba ya narkarwa, kamar dusa. Yana sauƙaƙa bayan gida, yana sa a daɗe da ƙoshi.

4. Me bincike ya nuna?

A shekarar 1993, masu bincike a Jami'ar Loma Linda ta Kalifoniya, ƙarƙashin Dakta Joan Sabaté, sun gwada maza 18. An ba su abinci iri biyu, kowanne na tsawon mako huɗu. A ɗayan, an rage nama da sauran kayan maiƙo, aka sa walnot a gurbinsu. Kolestarol ɗinsu ya sauka da kusan kashi 12 cikin ɗari. Ku riƙe kalmar nan, *gurbi*. Ba a ɗora walnot a kan abin da suke ci ba. An cire wani abu ne aka sa shi.

Gwaji mafi girma a Sifen aka yi shi, sunansa PREDIMED. Mutum 7,447 ne, masu shekara 55 zuwa 80, waɗanda ke cikin haɗarin ciwon zuciya, aka bi su kusan shekara biyar. Wani rukuni an ba su giram 30 na ƙwayoyin itatuwa kullum, rabinsa walnot. Bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu sun ragu a wannan rukuni da kusan kashi 28 cikin ɗari, idan aka kwatanta da rukunin da aka ce su rage mai kawai. Sai dai mutanen nan ba walnot kaɗai suka ci ba. An koya musu cin ganye, wake, kifi da man zaitun. Walnot ɗaya ne daga cikin ma'aikatan gonar, ba shi kaɗai ya yi noman ba.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ma, a 2004, ta yarda a rubuta a jikin leda cewa cin giram 42 a rana yana iya rage haɗarin ciwon zuciya. Amma ta gindaya sharaɗi: a cikin abinci mai ƙarancin mai daskarewa, ba tare da an ƙara yawan kalori ba, kuma a faɗa cewa hujjar tana goyon baya amma ba ta yanke hukunci ba.

To, batun ƙwaƙwalwa fa? Tun zamanin da, wasu masu magani a Turai sun ɗauka duk tsiron da ya yi kama da wata gaɓa, maganin gaɓar ne. Da yake walnot ya yi kama da ƙwaƙwalwa, har yau za ku ji ana cewa maganinta ne a saƙonnin WhatsApp. An gwada. An ɗauki tsofaffi kusan 700 a Basalona da Loma Linda, rabi suna cin walnot kullum har shekara biyu, rabi ba sa ci. Da aka auna tunani da riƙe abu a ka, ba a ga bambanci tsakanin rukunin biyu gaba ɗayansu ba. Abin da aka gani shi ne LDL ya ɗan sauka, kuma masu cin ba su yi ƙiba ba. Kama da wane ba ta wane. Uwa kada ta takura kanta ta sayi walnot don yaro ya ci jarrabawa; barci isasshe, karin kumallo da bitar darasi sun fi kusa da biyan wannan buƙata.

Ya kamata ku sani kuma cewa da yawa daga cikin irin waɗannan bincike, ƙungiyar manoman walnot ta Kalifoniya ce ke ba da kuɗinsu. Wannan bai mai da sakamakon ƙarya ba. Amma shi ya sa ake jin sunan walnot fiye da na gyaɗarmu.

Misali na 1: ƙari ko gurbi?

Wani tela yana da al'ada, bayan la'asar sai ya aika yaron shago ya sayo masa lemon kwalba da cincin. Kwalba mai santilita 35 tana da kalori kusan 150, da sukari wajen cokali 9 na shayi. Mu ƙaddara cincin ɗin kalori 200 ne.

Abin da yake ci yanzu: 150 + 200 = 350.
Idan ya ƙara walnot a kai: 350 + 185 = 535.
Idan ya bar lemo da cincin, ya ci walnot ya sha ruwa: 185.

Mutum ɗaya, walnot iri ɗaya. A hanya ta biyu tumbi zai ƙaru. A ta uku ya rage kalori 165 kowace rana, ya rabu da sukarin, ya kuma sami mai mai kyau.

Misali na 2: abinci ne, ba magani ba

Wata dattijuwa mai hawan jini ta dawo daga Umara da ledar walnot. Da daddare ɗanta ya ga ba ta sha ƙwayar maganinta ba.

"Inna, yau ban ga kin sha maganinki ba."

"Ai na samu wanda ya fi shi. Wata baiwar Allah a masaukinmu ta ce wannan yana wanke jijiya tas."

"Allah ya saka mata da alheri, Inna, abu ne mai kyau, ki ci abinki. Amma don Allah ki haɗa da maganin. Ranar Litinin in Allah ya kai mu sai in kai ki a auna, mu ji abin da likita zai ce."

Ɗan ya yi daidai. Walnot yana taimakawa a hankali, cikin watanni da shekaru. Ba ya sauke hawan jini a daren da aka ci shi, ba ya warkar da ciwon suga, kuma barin magani ba da izinin likita ba yana iya jawo shanyewar da ake gudu.

5. Hanyoyin ci

Hanya mafi sauƙi ita ce a ci shi haka nan, ba gishiri ba sukari. Wanda ɗacin fatar ya dame shi yana iya jiƙa shi a ruwa ya kwana, ya tsane ya ci da safe. Ni dai shawarata a saba da ɗacin, domin fatar tana ɗauke da sinadarai masu amfani. Idan ana son ƙamshi, a zuba a busasshen kasko a wuta kaɗan, a yi ta juyawa minti uku zuwa biyar. Da ƙamshi ya tashi a sauke a juye a faranti, don yana saurin ƙonewa fiye da gyaɗa.

Da azumi, a tsaga dabino a cire ƙwallon, a sa ɓari ɗaya a wurin. Uku sun isa buɗa-baki. Mai ciwon suga ya tuna dabinon kansa sukari ne, ya bi adadin da aka yanka masa a asibiti.

Tsoho marar haƙori fa? A daka masa a turmi sama-sama, a barbaɗa a koko ko kunu bayan an sauke daga wuta, ko a dama a kindirmo da fura. A kwaɗon zogale ko na rama, ana iya raba ƙuli-ƙulin biyu a cike rabin da dakakken walnot. Kada a tsananta daka, don zai fitar da mai ya cure.

Mutanen da suka gaji itacen da shi suke miya. A Iran akwai fesenjan: ana niƙa walnot a dafa shi da kaza da ruwan rumman mai kauri, a bar shi a wuta kaɗan har mai ya taso. Wadda ta iya miyar gyaɗa ba za ta ga baƙon abu a nan ba. A Halab ta Siriya suna niƙa shi da jan tattasai su yi muhammara, a dangwala da gurasa. Baklawar Turkiyya ma da shi ake yin wasu, amma an tsuma ta da ruwan sukari da man shanu, don haka matsayinta matsayin alkaki ne: ta ranar salla.

Misali na 3: lissafin sayayya

Uwargida ta sayi leda mai giram 250 na ɓararren walnot. 250 ÷ 28 ya ba da kusan 9, wato tafin hannu tara. Ita da maigida suna ci sau uku a mako: 2 × 3 = 6. Ledar za ta kai su mako ɗaya da rabi. A wata suna buƙatar tafi 24, wato 24 × 28 = giram 672, kusan leda uku. Idan mai kwasfa za ta saya, ta tuna rabin nauyin ko fiye kwasfa ce. Kilo ɗaya ba zai ba ta abin da ya wuce giram 500 ba.

Idan wannan lissafi ya fi ƙarfin aljihu, ba a yi asarar komai ba. Gyaɗa ta fi walnot furotin: giram 26 a cikin 100, shi kuwa 15. Manta ma galibinsa maras daskarewa ne. Omega-3 ɗin da ta rasa ana samun sa a awara da waken suya, kuma kifin sadin da titus suna da nau'insa da jiki ya fi saurin amfana da shi. Gidan da ke cin gyaɗa marar gishiri, wake, ganye da kifi, ya rage lemon kwalba da soye-soye, ya riga ya kama hanyar.

6. Ajiya da hattara

Man da ya sa walnot ya yi amfani shi ne kuma ke sa ya lalace da wuri. Zafi, iska da haske suna tsufar da shi. Kafin ku biya kuɗi, ku sansana. Mai kyau yana da ƙamshi mai sanyi. Wanda ya lalace yana warin fenti ko na man da aka daɗe ana suya da shi, kuma ɗacinsa yana kama maƙogwaro. A firji yana kai wata shida cikin kwalba mai murfi. Inda wuta ba ta tsayawa, a sayi kaɗan, ko a sayi mai kwasfa a riƙa fasa na ci kawai, a ajiye a wuri mai sanyi kamar gindin randa, nesa da albasa da daddawa, don yana zuƙar wari.

Duk ƙwayar da ta yi fumfuna, ta yi baƙi ko ta yamushe, a zubar. Wasu nau'o'in fumfuna suna fitar da gubar aflatoksin mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Wannan doka ta shafi gyaɗa da masara ma.

Yaron da bai kai shekara biyar ba kada a ba shi ƙwaya ko gutsure, don yana iya shaƙewa. Sai dai niƙaƙƙe a cikin kunu. Wasu mutane kuma jikinsu ba ya karɓar walnot. Idan bayan ci aka ga ƙaiƙayi a baki, borin jini, kumburin leɓe ko fuska, a daina ci a ga likita. Idan numfashi ya fara sarƙewa, a garzaya asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Mai shan ƙwayar levothyroxine saboda ciwon da ya shafi maƙoƙo ya gaya wa likitansa, domin walnot yana iya rage shigar maganin jiki idan aka haɗa su lokaci ɗaya.

> AKWATIN KALMOMI (3)
> Fumfuna: ƙura-ƙura mai launin kore, fari ko baƙi da ke tsirowa a kan abincin da ya ji danshi.
> Aflatoksin: guba da wasu fumfuna ke fitarwa, mai cutar da hanta.
> Borin jini: ƙuraje masu ƙaiƙayi da ke fesowa idan jiki ya ƙi wani abu.

Tambayoyin bita

1. Kawo bambanci biyu tsakanin walnot na waje da asala ko ukpa.
2. Ɓari nawa ne ke cika giram 28? Giram nawa ne mai a ciki?
3. Yi amfani da misalin bututun ruwa ka bayyana wa na kusa da kai illar LDL.
4. A gwajin 1993, an ƙara walnot ne a kan abincin mutanen ko an sa shi a gurbin wani abu? Me ya sa wannan ke da muhimmanci?
5. Me aka gano game da ƙwaƙwalwa a gwajin tsofaffin Basalona da Loma Linda?
6. Mutum uku suna cin tafin hannu ɗaya-ɗaya sau biyu a mako. Giram nawa suke buƙata a mako huɗu?
7. Maƙwabcinka ya ce ya bar maganin suga saboda ya fara cin walnot. Rubuta jimla uku da za ka faɗa masa cikin ladabi.
8. Ambaci abinci uku na kasuwarku da za su iya tsayawa a madadin walnot.
9. Aikin gida: rubuta duk abin da ka ci tsakanin abincin rana da na dare har kwana uku. Ja layi a ƙarƙashin wanda za ka iya musanyawa da gyaɗa ko walnot, ka kawo aji mako mai zuwa.